Baƙin Batir da Farin Allo

Duk ranar Asabar da safe, bayan an gama sharar makaranta, monita yakan zaɓi mutum biyu su yi wa allo baƙi. Sau da yawa ina cikinsu, don ina da tsawo. Mukan bi ɗakunan kwana muna tsintar matattun batura na tocila da na rediyo, mu fasa su da dutse, mu zazzage baƙin garin da ke ciki a gwangwanin madara, mu zuba ruwa kaɗan, wani lokaci da ɗan ƙaro don ya kama. Sai mu samu tsumma mu bi bangon siminti muna shafawa daga sama har ƙasa. Kafin azahar ya bushe, ya yi baƙi ƙirin. Ranar Litinin alli yakan kwanta a kansa fari fat, har na bayan aji ya iya karantawa. Hannuwanmu kuwa sai sun kwana biyu kafin baƙin ya fita daga ƙarƙashin farce.

A kan wannan allo na fara haɗuwa da kemistiri. A 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, na shiga ajin farko na babbar sakandare, a wata makarantar kwana da aka kai ni daga garinmu Dalijan, a ƙasar Gwandu. Malaman Indiya da na Pakistan da na Ghana da yayyenmu ke ba mu labarinsu sun riga sun watse. Ɗakin gwaje-gwaje yana nan, da dogayen tebura da famfunan da ba sa kawo ruwa, da kwalabe jere a kabad, wasu takardar jikinsu ta goge har ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Littafin Ababio guda uku ne a ajinmu, ana bin layi a kansu. Malaminmu mutum ne mai ƙoƙari, Allah ya jiƙansa, kuma hannunsa na da kyau a zane. Na tuna ranar da ya koya mana yadda ake samar da iskar oksijin. Ya zana kwalba mai faɗin gindi, ya zana bututu ya lanƙwasa shi cikin kwanon ruwa, ya zana kumfa ƙanana suna hawa. A gefe ya rubuta MnO2, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ya ce wannan shi ne mai hanzarta aikin, shi kansa ba ya ƙarewa. Muka kwafa, muka haddace, muka rubuta a jarrabawa.

Sai da na je jami'a a Zariya na san cewa baƙin garin nan na cikin batir, mafi yawansa MnO2 ne gauraye da garin kabon. Ashe allon da aka rubuta mana sunan a kansa, da shi muka shafe shi ranar Asabar. Da wani ya aiki ɗayanmu kemis ya sayo ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi, ya barbaɗa ɗan garin a ciki, da mun ga kumfar da idonmu, da mun kanga tsinke mai garwashi a baki mun ga ya kama da wuta. Kuɗin abin bai kai na burodi ɗaya ba. Har yau in na tuna wannan, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, don mu saba'in ne a ajin, kuma a cikinmu akwai masu kaifin kai da suka gudu daga kimiyya saboda sun gaji da haddar abin da ba su taɓa gani ba.

A wannan shekara ta 1991, can birnin Kalgari na ƙasar Kanada, wani ƙaramin kamfani mai suna SMART, wanda David Martin da Nancy Knowlton suka kafa a 1987, ya fito da wani irin farin allo da ake haɗawa da kwamfuta da majigi. Abin da ke kan kwamfuta yana bayyana a allon, in mutum ya taɓa allon da yatsa kwamfutar ta amsa. Ana rubutu a kai, a goge, a ja hoto daga wannan gefe zuwa wancan, a ajiye shafi a dawo da shi gobe. Mu muna fasa batir, su suna wannan. Sai bayan shekara ashirin da wani abu na sa ido a kan irinsa, lokacin ni ma na daɗe ina cin ƙurar alli a matsayin malamin kemistiri.

A wani taron ƙara wa juna sani ne a Kano. Mai gabatarwa ya buɗe wata manhaja daga cikin waɗanda ake kira PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, ya assasa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Kyauta ake samunsu, kuma ana iya sauke su a ajiye a yi aiki da su ko babu intanet. Ya nuna mana tukunya a rufe, a cikinta ƙwayoyin ruwa sun jeru suna ɗan karkarwa a wuri ɗaya. Ya ce wani ya fito. Na fita. Ya ce in ja wata alama sama, wuta ta kama a gindin tukunyar. Ƙwayoyin suka fara rawa da ƙarfi, jerin ya wargaje, suka shiga zamewa a kan juna. Na ƙara wuta, suka tarwatse suna bugun bango da murfi, ma'aunin matsin iska yana hawa. Na shekara goma sha biyar ina gaya wa yara wannan da baki, ina zana ƙananan da'irori da kibiyoyi, amma ban taɓa ganinsa yana motsi ba sai ran nan, kuma a ƙarƙashin yatsana. Na koma kujerata shiru. Gani ya kori ji.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan allo ya fi amfani ga kemistiri fiye da wasu darussa. Wani malami a Jami'ar Gilasgo ta Sikotlan, Alex Johnstone, ya yi bayani tun 1982 cewa wannan fanni hawa uku gare shi. Akwai abin da ido ke gani da abin da hanci ke ji: launi ya sauya, hayaƙi ya tashi, kwalba ta yi zafi. Akwai abin da ke faruwa can ciki tsakanin ƙwayoyin zarra, wanda ba idon da ya taɓa kai gare shi. Sannan akwai alamomin da ake rubutawa, haruffa da lambobi da kibiyoyi. Masani yana tsallakawa daga wannan hawa zuwa wancan cikin jimla ɗaya ba tare da ya lura ba, ɗalibi kuwa a nan yake faɗuwa. Mu a zamaninmu hawa na uku kaɗai aka ba mu. Muna iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, muna iya faɗin cewa a giram 18 na ruwa, wato cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori, akwai ƙwayoyi 6.02 × 10²³, amma in aka tambaye mu ina gishiri yake tafiya in ya narke a ruwa, sai mu ce ya ɓace. Allon taɓawa yana buɗe hawa na biyu. Yaro yana ganin ƙwayoyin ruwa sun kewaye dunƙulen gishiri suna ɓantarar sodiyam da kulorin ɗaya bayan ɗaya suna tafiya da su. Alli ba zai iya wannan ba, don zanen alli ba ya motsi.

Bayan wasu shekaru na samu aikin wucin gadi da yamma a wata makaranta mai zaman kanta a Birnin Kebbi, wadda ta sayi irin wannan allo guda ɗaya ta kafa a wani ɗaki na musamman. A nan na ga abin da ba zan manta ba. Muna darasin siffar ƙwayoyi. Iskar misen, wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu da fadamar shinkafa, tun muna yara ana zana mana ita kamar alamar tarawa: kabon a tsakiya, haidurojin huɗu a sama da ƙasa da dama da hagu, shimfiɗe a fuskar allo. Sannan a ce mu haddace cewa kusurwar da ke tsakaninsu digiri 109.5 ce, alhali abin da ke gabanmu 90 yake nunawa. Ban san yara nawa wannan saɓani ya rikita ba. Ran nan na kira wata yarinya da ke zama can baya, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba. Ta zo tana noƙewa, ta ɗora yatsa a kan hoton ta ja. Ƙwayar ta juya. Ta ja ta wani gefen, ta sake juyawa. Ta daɗe tana jujjuya ta, aji ya yi tsit. Can sai ta ce, da Hausa, ba ta ma san ta yi magana da ƙarfi ba:

"Malam, ai wanga murhu ne. Duwatsu uku ƙasa, guda bisa."

Na ce ta maimaita wa aji. Ta maimaita. Daga ranar ba wanda ya sake mance siffar nan a ajin, kuma yarinyar ta koma zama a layi na biyu.

Amma in zan faɗi gaskiya dukanta, ba kullum haka take faruwa ba. Na ga ranakun da allon nan ya zama majigi kawai, irin wanda ake kawo mana a filin gari muna yara, kowa ya zauna ya buɗe baki yana kallo. Malami ya zo da shafuka arba'in da ya sauko da su daga intanet, da Turancin da shi ma bai gama narkar da shi ba, yana taɓawa suna wucewa, yara ba su ko samu damar kwafa ba. A da, jinkirin rubutu da alli yana ba yaro lokacin tunani: malami na rubutawa, kai kana bi, in ya yi kuskure ya goge kana gani. Yanzu komai yana faɗowa a gama. Na kuma ga malamin da ba ya barin kowa ya kusanci allon, don an ja masa kunne cewa in ya lalace daga albashinsa za a cire. Yara sun shekara uku suna shiga ɗakin, ba wanda ya taɓa ɗora yatsa a kai. In haka ne, da shi da bangon da muke shafa wa baƙin batir bambancinsu kaɗan ne.

Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. Ingila ta zuba miliyoyin fam a farkon shekarun 2000 ta cika azuzuwa da waɗannan alluna. Da aka sa masana na Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ƙarƙashin Gemma Moss, su duba abin da ya faru a sakandaren Landan, rahotonsu na 2007 bai ga wani ƙarin sakamakon jarrabawa ba a shekarar farko. Sun lura cewa ɗokin da yara ke yi da sabon abu ba ya daɗewa, kuma a wasu azuzuwan allon ya ƙara wa malami riƙe magana shi kaɗai. Turkiyya ma ta ƙaddamar da babban shiri mai suna FATIH a 2010 don sa allo a kowane aji. Waɗannan ƙasashe ne masu wuta dare da rana. Darasin da na ɗauka daga abin da ya same su shi ne, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce hannun wa ke kan allon.

Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ƙasar Gwandu ƙasar allo ce. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar ya yi rubutu har rasuwarsa a 1829, hubbarensa na nan cikin garin Gwandu. Kafin in san boko, a zauren malaminmu a Dalijan, kowane yaro da allonsa. Kai za ka wanke shi, ka shafa masa farar ƙasa, ka kanga shi a rana. Kai za ka dama tawadarka da baƙin tukunya da ƙaro, ka feƙe alƙalaminka na kara. Da farko malam ke rubuta maka, da hannunka ya faɗa sai ka rubuta da kanka ka kai a duba. Ba a wanke maka sai ka iya abin da ke kai. Allo yana kan cinyarka, kana jin nauyinsa. Da muka shiga boko sai allon ya tashi daga cinyarmu ya koma bango, ya zama na malami shi kaɗai, mu kuma muka zama masu kwafa. Abin da ya ja hankalina ga wannan sabon allo shi ne ya zo da alkawarin mayar da shi hannun ɗalibi. Sai dai guda ɗaya ne, yara kuma sittin ko tamanin. Darasin minti arba'in ba zai ishi kowa ya fito ba. Dabarar da na koya da kyar ita ce in raba su rukuni-rukuni, kafin a taɓa komai kowa ya rubuta a littafinsa abin da yake zaton zai faru in an ƙara wuta ko an ƙara asid, sannan mutum ɗaya ya fito ya gwada, a ga wa ya canka. Ta haka ko wanda bai tashi ba zuciyarsa na kan yatsan wanda ya fita. Kuma ina rubuta sunayen waɗanda suka fita, don kada masu baki su cinye zagayen, 'yan mata da masu kunya su tashi a tutar babu.

Sai maganar wuta. Babban layin lantarki daga Kainji ta Birnin Kebbi yake bi, har ya wuce zuwa Yamai, amma duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san yadda ake yi da wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareta don darasi ɗaya ya zama abin da shugaban makaranta zai yi lissafi a kai sau biyu. Tsohon samfurin allon, mai majigi rataye a silin, ƙurar hunturu tana toshe masa matatar iska, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana kashe shi ana tsakar darasi, in ƙwansa ya mutu kuma sai an aika Kano ko Legas. Lokaci zuwa lokaci sai an daidaita shi, ana taɓa wasu ɗigo a kusurwoyi, in ba haka ba ka taɓa nan ya amsa can. Sabon samfurin, wanda yake kamar ƙatuwar talabijin da kwamfuta a cikinsa, ya fi juriya, kuma wutar da yake ci 'yan ɗaruruwan wat ce, abin da faifan sola da batir mai kyau za su iya riƙewa. A ganina duk wanda zai kai allo makarantar karkara bai kai sola tare da shi ba, bai kuma ware kuɗin gyara da na horar da malami ba, ya yi sadakar da ba za ta isa ga mai ita ba. Na shiga wata makarantar gwamnati na tarar da irin wannan allo lulluɓe da leda a ofishin shugaba, shekara biyu da kawo shi, ba a taɓa kunna shi ba. A bayan ofishin akwai ajin da iska ta yaye wa kwano.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar yaran karkara da alli har sai an gama gyara komai. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron Dalijan ko Kambaza ko Dodoru da ke son shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, wadda ke kan hanyar Kalgo, dole ya zauna gaban allon kwamfuta ya amsa tambayoyin kemistiri cikin ƙayyadadden lokaci. Na san yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa linzamin kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai na'ura a aji da yaro ke taɓawa tun yana ajin farko, tsoron nan zai fita. Akwai kuma gwaje-gwajen da ba mai hankalin da zai yi su a ɗaki mai yara tamanin ba ruwa ba abin kashe gobara, kamar jefa ƙarfen sodiyam a ruwa ko haɗa iskar kulorin. Waɗannan gara a gan su a allo.

Inda nake tsayawa in ƙi motsi shi ne wurin firatikal. A jarrabawar WAEC da ta NECO ana ba yaro buret da fifet, da asid da ruwan alkali, a ce ya auna. Zai zuƙi mililita 25 daidai, ya sauke a kwalba, ya ɗiga ruwan gwaji ya zama rawaya, sannan ya buɗe bakin buret da hannun hagu yana kaɗa kwalba da dama, asid na sauka, har ya kai ɗigon nan guda ɗaya da zai juya launin zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ya wuce, ya koma ja, aiki ya ɓaci, sai a sake. A allon taɓawa ana iya yin wannan duka, kuma yana da amfani a yi shi kafin a shiga ɗakin gwaji. Amma a allo buret ba ya yoyo, kumfa ba ta maƙalewa a bakinsa, hannu ba ya rawa, ba sai ka sunkuya ka daidaita idonka da gindin lanƙwasar ruwa ba. Na sa ido a jarrabawa na ga yaran da suka iya bayanin komai, amma da aka miƙa musu fifet suka riƙe shi kamar sanda. Mu ma haka aka yi mana a 1994: saura mako biyu jarrabawa aka buɗe mana ɗakin gwaji, aka aro kaya daga wata makaranta. Abin da nake tsoro shi ne allon ya zama hujjar da za a fake da ita a daina sayen sinadarai da kwalabe, a ce ai sun gani a na'ura. Likitan gobe da mai haɗa magani da mai gwajin jini, hannu za su sa.

Kuma abin da ido ke gani da hannu ke taɓawa, wato hawa na farko, bai taɓa yin nisa da mu ba. Kalmar kimiyya da muke kiran dukan fannonin da ita, a Larabci sunan kemistiri ce. Kalmar alkali da muke karantawa a littafin Turanci muna zaton baƙuwa ce, daga Larabci ta fito, asalinta tokar tsiro, irin wadda iyayenmu mata ke tatar ruwanta su yi sabulu. Innata ba ta shiga aji ba, amma in miyar yakuwa ta yi tsami takan jefa 'yar kanwa, miyar ta taso da kumfa, tsamin ya mutu. Wannan shi ne darasin asid da alkali, kumfar kuma iskar kabon ce ke fita. Marini yana tsamo zane daga karofi da launin kore-kore, yana shan iska ya koma shuɗi, don oksijin ya haɗu da baba. Majemi yana jiƙa fata da bagaruwa. Mai yankan albasar Aliero yana hawaye saboda sinadarin sulfa da ke tashi. Manomin shinkafa a fadamun Kalgo da Bunza, in ya watsa takin yuriya a kan ƙasa da rana tsaka bai rufe ba, wani kaso na kuɗinsa yana tashi sama a matsayin iskar amoniya. Allin da ke hannuna ma, galibi daga jifsam ake yin sa. Rashin sanin irin wannan yana kisa: a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Manhajojin da ke zuwa da allo ba su san kanwa ba, ba su san karofi ba. Misalansu na can ne. Malamin da ya tashi a nan shi kaɗai zai iya ɗaura wannan da wancan.

Da hutun bara na je gida. Ɗiyar ƙanena tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, tana son aikin jinya. Na karɓi littafinta na duba. Rubutu mai kyau, an zana ma'aunin tsami daga 0 zuwa 14, an jera sunayen ruwan gwaji da launukansu. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin ɗaya daga ciki ya sauya launi.

"A'a, Baffa. Malam ya ce sai mun shiga aji uku."

Babu allon taɓawa a inda take, amma wayata tana da manhajar PhET, fuskarta kuma ana taɓawa. Na buɗe na miƙa mata. Ta zaɓi ruwa mai tsami, ta tsoma ma'auni, ta ƙara ruwa tana kallon lamba na matsowa kusa da 7, ta kunna wurin da ke nuna ƙwayoyi, ja da shuɗi, wasu na yawa wasu na raguwa. Ta yi kusan rabin sa'a ba ta ɗago ba. Sannan na ce ta ajiye wayar ta roƙo mana zoɓo wurin Goggo, wanda ba a sa wa sukari ba, da lemun tsami da kanwa da kofunan gilas uku.

Muka zauna a tabarma a tsakar gida. Ta raba zoɓon uku. Na ce kafin ta zuba komai ta gaya mini abin da take zato. Ta ce na lemun tsami zai yi fari. Ta matsa, sai ya ƙara ja, ya yi haske. Ta yi dariya. Ta jiƙa kanwa ta ɗiga a na biyu, jan ya dushe, ya yi duhu, ya karkata zuwa kore mai baƙi-baƙi. Ƙannenta suka baro wasa suka kewaye mu. Ba tare da na ce komai ba ta ɗauki ragowar lemun ta fara ɗigawa a kofin kanwar, ɗigo-ɗigo, tana kaɗawa da ɗayan hannun, kumfa na tasowa, har jan ya fara dawowa daga ƙasa. Ta ɗauko wayar ta duba ƙwayoyin nan ja da shuɗi, ta dubi kofin, ta sake duban wayar.

Goggo na bakin murhu tana kallonmu. Ta ce, "Wanga shi ne karatun da kuka tai nema har Zariya? Ai duk mai girki ta san kanwa na ɓata zoɓo."

Yarinyar ta ce, "Goggo, kin san yana ɓaci. Ni yanzu na san mi yas sa."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da omo da toka da ruwan tsamiya da nonon da ya kwana, ta aiki ƙanenta ya aro kofuna a maƙwabta, ta buɗe sabon shafi a littafinta ta ja layi biyu. Kafin magariba na nuna mata matattun batura biyu da ke kan taga, na ce ta adana su, gobe in an buɗe kemis akwai abin da za mu sayo.